Motar da Sha'ibu Ya Gine

Daga wurin zinari, gaba da Arlit
Watan Nuwamba

Zuwa ga Yaya Sha'ibu, Garin Bizo ta Gidan Amumune.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, da mahaifiyata Inna Kubra, da matata Sakina da yara. Yaya ƙafafun Inna, kumburin ya sauka? Ni nan lafiya lau, in ban da tarin da ƙurar rami ke sa kowa. Waya ba ta shiga a nan sai an hau dutse, maganar da zan yi kuwa ba ta kan dutse ba ce gaban jama'a. Shi ya sa na rubuto ta hannun Hammadu direba, mai kawo mana abinci daga Tasawa.

Yaya, Naziru ɗan Tasawa ya iso nan, ya ba ni labarin da ya hana ni cin abinci. Ya ce ya ga motata a kasuwar Mayahi. Da farko bai ma gane ta ba, sai da ya duba lamba, don awaki sun cika bayanta, buhuna sun wuce kan direba, mutane kuma sun hau kan buhunan suna kaɗa ƙafa kamar 'yan rakiyar biki. Ya ce bayanta har ya kusa taɓa ƙasa. Kai kuma kana gaba, ka ɗora hannu a taga kana amsa gaisuwa.

Ka san abin da motar nan, kat-kat mai ratsa rairayi, take a wurina. Shekarun da na yi ƙarƙashin ƙasa ina shaƙar turɓaya, su na tattara duka na zuba a cikinta. Ita za ta fid da ni daga nan, in dawo in riƙa jigila tsakanin Tasawa da Mayahi da ƙauyuka, in riƙa kwana gidana kamar kowa. Na bar ta hannunka don kai ne babba cikin jikokin Bizo, kakanka da kakana ciki ɗaya, gidana kuma babu namiji. Aiki ɗaya na ba ta: kai Inna asibitin Mayahi awon tansiyo duk wata saboda hawan jininta. Ban tuna na ambaci awaki ba.

Yanzu ka gaya mini gaskiya. An yi mata bidanji, an sauya man inji tun da na tafi, ko man da na bari ne ya zama kunu a cikinta? Wane gazuwal kake zuba mata, na gidan mai ko na kwalba da ake jerawa bakin hanya? Akwai abin da ya karye?

Ina jiran amsa in Hammadu zai juyo. Ka gaida Inna, ka ce ta rage gishiri.

Ƙanenka,
Rayyanu

*

Garin Bizo
Ƙarshen Disamba

Zuwa ga Rayyanu.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, duk muna lafiya. Ƙafafun Inna Kubra sun sauka, tana zuwa rijiya ma in ba a gan ta ba. Likita ya ce kada ta yi fashin wata ko ɗaya, don hawan jininta irin mai lallaɓowa ne. Sakina da yara ƙalau. Gero bana ya yi, gonarka mun ɗaure ta mun kai rumbu, ko da yake ba ka tambaya ba.

Naziru kuwa, mutumin da ko kaza ba a ba shi ajiya, shi ne yau mai ba ka labarin amana. To, abin da ya gani ya gani, ban musa ba. Ranar awon Inna ranar kasuwa ce. In na fito da mota da safe, gari duka yana tsaye a fili. Ka bar garin nan da daɗewa, amma ba ka kai ga mantawa ba: ka taɓa ganin an ɗaura amalanke ranar kasuwa ya fita garin nan ba kowa a kai? Tun kakanni, wanda ya ɗaura shanu shi ke ɗaukar wanda ya samu a hanya. Yanzu so kake in wuce sa'o'in uwarka suna nitsewa cikin rairayi da kaya a ka, ni ina jan mota wayam a bayana? Inna ce da kanta za ta buɗe ƙofa ta sauka.

Ban taɓa karɓar ko sisi ba. Mai hali ya kawo kwalbar gazuwal, marar hali ya yi addu'a. Da Malam Tanko limami ya rasu a asibiti, motar nan ce ta ɗauko shi. Simintin sabuwar rijiya ita ta kawo. Matar Usman mai gyaran babur da naƙuda ta zo mata da gardama, ita ta kai ta, ga yarinya nan an raɗa mata suna. Motarka ta zama ta gari duka, Rayyanu, ba bakin da ba ya sa maka albarka. Inna in ta zauna gaba takan gyara gyale ta ce, "A buɗe gilashi, mutane su ga uwar mai ita."

An yi bidanji a garejin da ka saye ta a Tasawa. Lam ɗaya na baya, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin kaya, ya karye ranar siminti, an yi masa walda, ya fi da ƙarfi. Tuƙi na iya, cikin inji ne ban taɓa leƙawa ba, don haka abin da masu gareji suka ce shi nake yi.

Nan gaba in za ka rubuto wa wanda ya goye ka a kafaɗa, ka wanke bakin alƙalaminka.

Yayanka,
Sha'ibu

*

Wurin zinari
Watan Fabrairu

Yaya Sha'ibu,

Gaisuwa. Na ji daɗin labarin ƙafafun Inna. Ni ma lafiya, sai dai rami ya rufta da wani ɗan Kanan-Bakashe kusa da mu, an fito da shi da rai amma ƙafa ɗaya ta tafi. Na faɗa maka ne don ka san inda mota take fitowa.

"Ta zama ta gari duka." Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Wato an gama rabo ke nan ina raye. Wa ya shigo rami da ni cikin garin? Ranar da igiya ta tsinke da ni, garin yana ina? Albarka ba ta sayen taya, addu'a kuma ba ta ɗinke lam. Ka rubuta karyewar lam a ƙasan takarda kamar tsinken tsintsiya ne ya faɗi. Wanda ya karya lam yau, gobe inji zai kashe, ya ce mini ya fi da ƙarfi.

Kuma kada ka ƙara laɓewa bayan Inna. Wata yana da kwanaki da yawa, amma awonta bai taɓa faɗowa ba sai ranar kasuwa? Ka sa tsohuwa gaba ta zama takardar izininka, kai kuma kana sayen suna da guminka da ba ka zubar ba. An gaya mini yanzu "Mai Mota" ake ce maka, har ana raɗe-raɗin za ka tsaya takarar kansila. Ban yi mamaki ba. Haka kakanka ya karɓi gonar fadama riƙo daga kakana, yau ga ta a hannunka, ba wanda ya ƙara jin zancenta.

To, tawa ba za ta bi gonar fadama ba. Amana na ba ka, ba gado ba. Daga ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka ajiye ta. Kada ta motsa, ko don mai rai ko don gawa, ko don wa. Maganin Inna ba sai da kat-kat ba: a ba mai babur ɗin kabu-kabu takardarta ya amso, in kuma dole sai an gan ta, ya goya ta kamar yadda ake yi kafin in saya. Ina son in dawo in tarar da abina yadda na bar shi.

Rayyanu

*

Garin Bizo
Watan Afrilu

Rayyanu,

Salama. Muna lafiya, sai zafi. Rijiyar da motarka ta kawo wa siminti tana ba da ruwa, za ka iya aiko da umarni a daina sha.

Takardarka ban karanta ta ni kaɗai ba. Tunda ka tono kakana daga kabari ka kira shi macin amana, na ga magana ta fi ƙarfin ɗakina. Bayan sallar Juma'a na tsayar da dattawa a ƙofar masallaci na karanta musu ita daga sama har ƙasa. Tsoho Abdurrahamane, wanda ya san zancen fadama da idonsa, ya ce, "Yaro ne, a ƙyale shi, zahin rami na." Ni ban ƙyale ba. Na rantse gabansu cewa hannuna ba zai ƙara taɓa sitiyarin motar nan ba har ka dawo.

Ka ce kana son ka tarar da abinka yadda ka bar shi. To, mu nan hanya ɗaya muka sani ta ajiye amanar da ba a son ko ƙwaya ta fita, ita ce yadda muke yi wa hatsin marayu. Na kira gayya. Mun wanke ta, mun tura ta bayan dangana, mun barbaɗa toka kewaye da tayoyi saboda gara, mun zuba ganyen dogon yaro ciki da baya. Sannan muka kwaɓa ƙasa muka gine ta ta kowace fuska, muka yaɓe, muka ɗora jinka. Ba ƙofa, ba taga. Mutanen da ka ce ba su shiga rami da kai ba, su suka ɗebo ruwan ginin. Ko rana ba ta ganin motarka yanzu, balle akuya.

Ga makullin nan na ƙulle a tsumma cikin takarda, don kada Naziru ya ce ya gan ni da shi a mafarki.

Zancen Inna. Mun gwada kabu-kabu. Kafin su fita gonaki jiri ya kwashe ta, da kyar mai babur ya tare ta da ƙafa. Ta dawo a ƙasa tana dafa kara, ta ce, "Ni ba ni koma hawan wagga aba, ƙashina ba na yara ba na." Amalanke kuwa in ya tashi da safe, sai an tashi daga awo yake isa Mayahi, ga rana. Magani ana amso mata, amma likita ya aiko cewa ba ya auna mutum daga nesa. Na ce mata in rubuto maka, ta ce a bar ka da abin da ke damunka. Na rubuto duk da haka. Saura kai da Allah.

Sha'ibu

*

Wurin zinari
Tsakiyar Yuni

Yaya Sha'ibu,

Ina gaisuwa. An ce ruwa ya sauka wajenku, Allah ya sa damina mai albarka. Na daɗe ban amsa ba. Mun koma wani sabon rami can ciki, kuma gaskiya da na kwance tsumman nan na ga makulli, na yi niyyar kada in ƙara rubuta sunanka.

Sai shekaranjiya na ba Alhassan labari, makaniken da ke gyara mana injinan ruwa. Ina ba shi ne don ya taya ni jin haushi, sai mutumin nan ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Da ya farfaɗo ya ce in yi maza. Ya ce motar da ba a tayarwa batir ɗinta mutuwa yake, tayoyi su tsattsage, gazuwal ya yi dauɗa a tanki. Ya ce ɗaki mai duhu da jinka kusa da rumbuna, ai gidan ɓeraye ka gina musu, wayoyi za su fara ci. Yaya, mota gero ce? Wane mai hankali ne zai yi wa inji rumbu? Na ce ka ajiye ta, ban ce ka binne ta ba. Ka san abin da nake nufi sarai, ka zaɓi ka kunyata ni gaban masallaci, ka kuma samu gayya.

Ban janye kalma ko ɗaya ba, har ta fadama. Amma ga makulli nan na mayar maka. Ka rushe wannan shirmen tun ruwa bai jiƙa ginin ya faɗo mata a ka ba. Ka sa a kawo batir daga Tasawa, a duba wayoyi. Rantsuwarka kai ka yi ta, ka yi kaffara, ba ni na sa ka ba.

Sannan ka kai Inna Mayahi. Sakina ta samu ta turo mini saƙon murya, ta ce kumburin ya dawo har gwiwa, kuma Inna tana ɗaure kai da ɗankwali tamau saboda ciwo. Hankalina ya tashi. Ka kai ta ko ranar kasuwa ce, ko da awakin ne, ban damu ba. In ba don ni ba, don ita, ai ba ita ta zagi kakanka ba.

Hammadu zai taso jibi. Kada ka tsaya rubuta mini amsa mai tsawo, ka ɗauki diga.

Rayyanu

*

Garin Bizo
Watan Agusta

Rayyanu,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Inna Kubra, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri. Na san saƙo ya riga ya same ka ta waya. Sakina da yara suna lafiya gwargwado, mata suna zaune da ita. Abin da ba a gaya maka ba shi zan rubuta, don ba na son ka ji shi daga bakin Naziru.

Da safe ne, bayan an kwana ana ruwa. Ta fita bayan gida tana tsinkar tafasa, sai Sakina ta ji faɗuwa. Muka tarar bakinta ya karkace, hannun dama ba ya motsi, ido kawai take bin mu da shi. Ba mai iya riƙe ta a kan babur.

Ban tsaya tunanin rantsuwa ba. Na ɗauki diga, maza suka zo da galma da gatari, muka fasa ginin ta gaba. Ƙasar ta sha ruwa, ba ta yi gardama ba. Da haske ya shiga, ɓeraye suka watse ta ƙafafunmu. Makulli yana wurinka, don haka Usman mai gyaran babur ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya ce zai haɗa waya da waya. Ya fito da tafin hannunsa cike da guntayen roba, ya ce, "Sha'ibu, babu abin haɗawa, sun cinye." Ban yarda ba. Na ce a tura. Muka turo ta fili, muka tura ta gaba, muka tura ta baya cikin jiƙaƙƙen rairayi, ina ciki ina taka abin da na san ana takawa, ba ta ko yi tari ba. Muna wannan har rana ta ɗaga, Inna tana kwance a zaure. Sai Tsoho Abdurrahamane ya daka mini tsawa ya ce, "Ka bar ƙarhen nan ka ɗauro shanu!"

Na ɗaura shanu. Muka shimfiɗa katifa a amalanke, Sakina ta ɗora kanta a cinya, 'yarka Kubra ƙarama tana riƙe da laima. Ka san hanyar da damina, gero ya matse ta, ruwa ya kwanta a kowane kwari. Na doki shanun nan yadda ban taɓa dukan dabba ba. Mun hango eriyar waya ta Gidan Amumune ke nan Sakina ta ce in tsaya. Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Yaya, tsaya, ta tahi." Shanun da suka tafi da ita su suka juyo da ita.

Akwai abin da ban rubuta maka ba a baya, don ina fushi. Tun da muka gine motar, Inna ta mayar da tabarmarta jikin ginin. Nan take yini, ta jingina bayanta tana tsince wake. Na ce mata ga inuwar dogon yaro can ta fi sanyi, ta ce ita nan ta fi jin kusa da kai.

Hammadu ya iso ranar addu'ar bakwai. Motarsa ce ta lalace a Agadas, ya daɗe yana jiran kayan gyara. Ya miƙo mini takardarka ana cikin rabon waina, na ji nauyin makullin tun ban buɗe ba. Na koma bayan danga na karanta. Na wuce inda ka kira ni marar hankali, ban ji komai ba. Da na kai inda ka ce in kai Inna ko da awakin ne, sai na kasa ci gaba, har yau ban san abin da ka rubuta a ƙarshe ba.

Kai ka ce kada ta motsa ko don wa, ni na kwaɓa ƙasa. Mutanen gari ba su ce mana komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Ba na neman gafararka, kai ma kada ka nemi tawa a takarda.

Makullin yana wurin Sakina. Motar tana tsakiyar fili inda muka gaji da tura ta, ruwa yana dukanta, masu zuwa rijiya suna kewaye ta. Ka zo ka ɗauke ta. Ka taho da batir da makanike, ka kuma nemi wanda zai nuna maka kabarin, don ni ba zan iya tsayawa kusa da kai a wurin ba tukuna.

Sha'ibu